Isnadin Hoton Nama: Yadda Ake Shigar da Hotunan Allon Ɗigo Cikin Rumbun Bincike

Duk wanda ya yi shekaru yana aikin ɗakin gwaji a wannan ɓangare namu na Kaduna da ke kudu da kogi, inda asibitin Gwamna Awan da na Saint Gerard suke a Kakuri, ya san cewa ƙarin da likitan fiɗa ya yanke daga jikin majiyyaci ba zubar da shi ake yi ba, tsoma shi ake yi cikin ruwan fomalin, a kai wa masu nazarin nama, su kuwa su binne shi cikin kakin farafin har ya zama ɗan dunƙule wanda bai kai kwalin ashana ba, wanda kuma in an tsare shi daga zafi da ɓera da kyankyaso zai yi shekaru masu yawa yana riƙe da labarin cutar mai shi. To, idan mai bincike ya tara irin waɗannan dunƙule ɗari biyu ko uku na sankarar mama, alal misali, yana son ya san nawa ne a cikinsu ke amsa rinin da ake kira ER, nawa ne ke amsa na HER2, sai ya tarar sinadarin rinin yana da tsadar da ba za ta bar shi ya rina gilashi ɗari uku ɗai ɗai ba. Wannan lalura ce ta haifi dabarar da masu sana'ar ke taƙaita sunanta da TMA, wadda ni zan kira ta allon ɗigo a cikin wannan bayani.

Asalin dabarar yana komawa ga wani likita a Amurka mai suna Hector Battifora, wanda a 1986 ya ɗaure yankunan nama iri iri wuri guda ya binne su cikin dunƙule ɗaya, amma fa a cakuɗe, ba tare da tartibin da zai sa a san wanne ne na wa cikin sauƙi ba. Sai a 1998 Juha Kononen da abokan aikinsa, cikinsu har da Olli Kallioniemi da Guido Sauter na Basel, suka bayyana siffar da ake aiki da ita yau a mujallar Nature Medicine: a sa allura mai rami a huda dunƙulen majiyyaci daidai inda ƙarin yake, a zaro ɗan tsinken nama mai faɗin milimita 0.6, ko 1, ko 2, a dasa shi cikin gurbin da aka haƙa masa a wani sabon dunƙule, sahu sahu kamar gurabun dara, har dunƙule guda ya ɗauki naman mutane ɗaruruwa. Daga nan sai a fere shi da wuƙar maikurotom, kaurin maikuron 4 ko 5, a ɗora a gilashi, a rina, a sa cikin sikana ta ɗauki hotonsa baki ɗaya.

Abin da nake so ɗan'uwa mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, hoton da sikana ta fitar matani ne kawai, shi kuwa matani, kamar yadda malaman Hadisi suka sanar da mu, ba a kafa hujja da shi sai an san isnadinsa. Ɗigon nama da ke kan allo ba ya ɗauke da sunan kowa. Abin da ke haɗa shi da mai shi kawai shi ne gurbin da yake zaune, sahu na kaza gida na kaza, da taswirar da wanda ya dasa shi ya rubuta ranar dashen. Saboda haka aikin shigar da hotuna cikin rumbun bayanai, ko da yake da kwamfuta ake yinsa, a haƙiƙa aikin kiyaye silsila ne: daga majiyyaci zuwa dunƙulensa, daga dunƙule zuwa gurbi, daga gurbi zuwa gilashi, daga gilashi zuwa hoto, daga hoto zuwa makin da likita ya ba shi. Inda duk silsilar ta yanke, ko wani mai ruwaya ya shiga madadin wani, hoton ya zama ra'ifi komai kyawunsa, kuma illar ita ce kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, za ta karɓi ƙarya da irin fara'ar da take karɓar gaskiya.

Mu fara da ranar da faifan ajiya ya iso hannunka, ko an ɗauki hotunan a nan gida ne ko an aika gilasan wani gari ko wata ƙasa an ɗauko. Wajibi na farko shi ne kada ka buɗe kome, kada ka canza sunan kome, sai ka kwafe faifan dungurungum zuwa wani faifan, ka ajiye na asalin cikin aljihun tebur ka kulle. Waɗannan hotuna manya ne ƙwarai, domin idan an ɗauka da ƙarfin girmamawa na 40, kowane ɗigon haske na hoton yana wakiltar kimanin rubu'in maikuron ne, watau fili mai milimita 15 tsawo da 15 faɗi zai zama ɗigon haske 60,000 sau 60,000, biliyan 3.6 ke nan, wanda ko bayan an matse shi yakan kai gigabait ɗaya ko biyu. Kwafar irin wannan kaya tana cin lokaci, mu kuwa mun san halin wutarmu. Saboda haka kada ka soma sai kwamfutar tana kan inbata ko batirinta a cike, ba a daidai lokacin da mai janareta ke shirin sauya layi ba. Ka kuma duba tsarin faifan da za ka kwafa a ciki, domin tsohon tsarin nan na FAT32, wanda ƙananan filashin kasuwa da yawa ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4.

Da an gama kwafa sai muƙabala. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu, irin waɗanda ake adana rubutunsu a Gidan Arewa can tsallaken kogi, ba sa yarda da sabon kwafi sai ɗaya ya riƙe asali yana karantawa ɗaya yana bin sabon da ido. Mu kuwa an sauƙaƙe mana da wani lissafi mai suna SHA-256, wanda ke karanta fayil tun daga farkonsa har ƙarshensa ya fitar da hatimi mai haruffa da lambobi 64. In hatimin asali da na kwafi sun zo ɗaya to kwafin sahihi ne, in kuwa harafi guda ya saɓa to a sake. Ka rubuta hatimin kowane fayil ka ajiye, zai shiga rumbun tare da hoton.

Ya kamata kuma ka san irin fayil ɗin da ke hannunka, gama kowane kamfani da nasa yaren. Sikanar Aperio tana fitar da SVS, ta Hamamatsu tana fitar da NDPI, waɗannan kowanne fayil guda ne. Amma ta 3DHISTECH tana fitar da MRXS, shi kuwa ɗan ƙaramin fayil ne da ke tafe da folda mai suna iri ɗaya da nasa, ainihin hoton yana cikin foldar. Wanda ya kwafi fayil ɗin ya bar foldar, ko ya canza sunan ɗaya ya bar ɗaya, ya ɗauko kube ya bar wuƙa. An daɗe ana ƙoƙarin haɗa kan kowa bisa ƙa'idar DICOM, wadda aka faɗaɗa ta a 2010 don ta ƙunshi hotunan gilashi, amma har yau abin da ya fi zame mana mafita shi ne manhajojin kyauta masu jin waɗannan yaruka da yawa, irin su OpenSlide da Bio-Formats.

Sai maganar amana, wadda ba na son a gaggauta wuce ta. Mafi yawan sikanoni, bayan hoton naman, suna ɗaukar hoton takardar da ke manne a kan gilashin su cusa shi cikin fayil ɗin, ta yadda ko ka canza sunan fayil, wanda ya san inda zai latsa zai ga abin da aka rubuta da fensir a kai. A allon ɗigo galibi sunan allon da lambar yanka da irin rini kawai ake rubutawa, amma sau da yawa akan haɗo da hotunan cikakkun gilasan da aka zaɓi wurin huda daga gare su, waɗannan kuwa suna ɗauke da lambar asibiti, wani lokaci har da sunan majiyyaciya. Wajibi ne a buɗe takardar kowane hoto a duba, a goge ta daga kwafin aiki kafin ya shiga rumbu. Kowane majiyyaci a ba shi lambar bincike da ba ta da alaƙa da lambar katinsa, littafin da ke haɗa lambobin biyu kuma ya zauna a hannun shugaban binciken shi kaɗai, ba cikin rumbun ba, ba kuma cikin WhatsApp ba. Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 duk sun ɗora mana wannan, lambar izinin kwamitin ɗa'a kuma ta cancanci gurbinta cikin bayanan aikin. Amma ko ba doka, matar da ta hau keke napep daga Narayi ko Sabon Tasha ta zo aka yanke mata mama ba ta ba da namanta don a yi tallan sirrinta ba.

Yanzu mun zo kan taswira, wadda ita ce zuciyar aikin. Kusan kullum a takardar Excel take zuwa, an zana ta gida gida kamar allon kansa, kowane gida da lambar dunƙulen da aka huda. Wannan siffa tana da daɗin kallo, amma rumbu ya fi son jeri: kowane gurbi da layinsa, a ciki a ga sunan allo, harafin sahu, lambar gida, lambar dunƙule, lambar binciken majiyyaci, da irin naman. A nan ne Excel ke yin tasahifi irin na magatakarda mai karambani, wanda ke gyara abin da ba a sa shi ba. Ka rubuta 3-12 kana nufin sahu na uku gida na goma sha biyu, sai ya mai da shi kwanan wata. Ka rubuta 0457, sai ya cinye sifilin farko. Mafi ban haushi, ka rubuta 1E5 kana nufin allo na ɗaya gurbin E5, sai ya ɗauka lissafi ne ya mai da shi 100,000. Maganin abin shi ne a mai da gidajen duka na rubutu zalla tun kafin a zuba kome, a kuma fara kowace lamba da haruffa, kamar TMA01_E05, sa'an nan bayan an fitar da jerin a siffar CSV a buɗe shi da manhajar rubutu ta talaka a karanta da ido.

Da taswira ta kammala sai a fuskanci alƙiblar hoton. Yankan nama, lokacin da aka fere shi, ana shimfiɗa shi ne a kan ruwan ɗumi don ya miƙe kafin a kwaso shi da gilashi, kuma a wannan ɗan iyon yana iya juyawa sama ta koma ƙasa, ko ya kife dama ta koma hagu. Domin haka ne ƙwararren mai dashe ba ya yin allo mai kusurwoyi huɗu iri ɗaya: yakan bar gurabu a kusurwa guda babu kowa, ko ya dasa naman da ido ba ya ɓata shi, kamar hanta ko ƙoda ko mabiyiya, a gurbin farko. Ni kaina na taɓa cin wannan tuwo. A wani aiki da muka yi, na shigar da gilasai takwas na allo guda cikin dare ɗaya, bakwai daidai, na takwas a kife, ban kuwa lura ba saboda barci da gaggawa. Bayan mako biyu babban likitanmu yana ba da maki, ya latsa gurbin A1, ya yi shiru, ya cire tabarau ya kira ni.

"Malam, zo ka gani. Tun yaushe hanta ta fara fitar da bututun nono?"

Na leƙa, na ce, "Ranka ya daɗe, gilashin ne ya juya."

Ya ce, "Gilashi ya juya tun a kan ruwa, wannan ba laifin kowa ba ne. Wa ya ce wa kwamfuta bai juya ba?"

Makin da ya yi kwana uku yana bayarwa daidai yake ga kowane ɗigo, amma duk an jingina shi ga matan da ba nasu ba ne. Tun daga ranar ba na taɓa maɓallin kome sai na nemo hanta na sa yatsa a kanta, in tana inda taswira ta ce to madalla, in ba ta nan in rubuta yadda gilashin ya juya, in daidaita lambobin gurabu da shi.

Rarraba allon zuwa ɗigo ɗigo aiki ne da manhajar QuPath ta sauƙaƙa, wadda Pete Bankhead ya gina a Jami'ar Queen's da ke Belfast aka bayyana ta a 2017, kyauta ce kuma tana tafiya a kwamfutar tafi-da-gidanka ba tare da intanet ba, abin da ya sa ta dace da mu. Za ka gaya mata faɗin ɗigon, da haruffan sahu, da lambobin gidaje, ita kuwa ta shimfiɗa raga a kan hoton, kowane ɗigo da da'irarsa. Faɗin da za ka ba ta ya ɗan ɗara na allurar kaɗan, don da'irar ta haɗiye gefen naman. Amma kada ka yi mata taƙlidi. Allon da aka dasa da hannu sahunsa yakan karkace kamar kunyar sabon manomi, yankan kuma yakan miƙe a wani gefe fiye da wani, kuma babban haɗari shi ne idan sahu guda cur ya faɗi a wurin rini, sai manhajar ta ɗauki sahu na biyu a matsayin na farko, kowa ya gaji gurbin maƙwabcinsa har ƙasa. Ka ƙirga sahu da gidaje da bakinka, ka ja da'irar da ta kauce da hannu, ka ƙara sahun da ya ɓace ko da babu kome a cikinsa, sa'an nan ka shigo da taswirar don kowace da'ira ta sami lambarta.

Gurbin da ɗigonsa ya ɓace ba a share shi daga rumbu. A bar layinsa, a rubuta dalili, dalilan kuwa ba ɗaya ba ne: wani ya faɗi, wani ya naɗe kamar tabarma, wani yana nan lafiya amma allura ta kauce wa ƙarin ta ɗauko kitse, wani kuma tsinkensa ne ya ƙare domin an fere allon ya yi zurfi, wani sikana ce ba ta daidaita ganinta a kansa ba. Wannan na ƙarshe yana yawaita a hunturu, lokacin da ƙura ke sauka kan gilashi sikana ta kafa idonta kan ƙurar ta bar naman ya dushe, kuma shi kaɗai ne ke da magani nan take, watau a goge gilashin a sake ɗauka. Abin da na fi jan kunne a kansa shi ne bambancin sifili da babu. Sifili hukunci ne, ma'anarsa likita ya duba ƙwayoyin sankara ya ga ba su ɗauki rini ba. Babu kuwa rashin shaida ne. Wanda ya cika gidajen da ba kowa da sifili don takarda ta yi kyau ya ƙara yawan matan da za a ce ƙarinsu ba ya amsa ER, alhali ba a taɓa ganin namansu ba.

Game da ginin rumbun kansa, ra'ayina shi ne kada a tara kome cikin shafi guda mai faɗi. A ware wa majiyyata jadawalinsu, da shekaru da jinsi da wurin cutar bisa lambobin ICD-O, inda mama take C50, bakin mahaifa C53, mafitsarar maniyyi ta maza da likitoci ke kira furosteti C61. A ware wa dunƙule nasu, tare da shekarar fiɗa da tsawon zaman naman cikin fomalin in an sani, domin ƙa'idar rinin ER da HER2 tana son awa 6 zuwa 72, naman da ya yi mako biyu cikin kwalba kafin 'yan'uwa su haɗa kuɗin gwaji kuwa yana iya ƙin rini ba don cutar ta ƙi ba. Sai jadawalin gurabu, sai na gilasai da lambar yanka da irin rini da ranar rini, sai na hotuna da sunan sikana da ƙarfin girmamawa da ma'aunin maikuron da hatimi, sai na maki da sunan mai bayarwa da ma'aunin da ya bi, ko na Allred mai tsayawa a 8, ko makin H mai kaiwa 300, ko na HER2 daga 0 zuwa 3+. Fa'idar wannan rarrabewa tana bayyana ranar lissafi: da yake akan ɗauki ɗigo biyu ko uku daga kowane majiyyaci, mai shafi guda yakan wayi gari yana ƙirga ɗigo 300 a matsayin mata 300, alhali su ɗari ne.

Inda akwai uwar kwamfuta da mai kula da ita, manhajar OMERO, wadda aka raina a Jami'ar Dundee, tana karɓar hotunan yadda suke, ta jera su aiki aiki, ta bar ka ka liƙa wa kowane hoto bayanansa, likita kuma ya duba daga ofishinsa. Inda babu, foldoji masu tsari da jadawalai masu nuna hanyar kowane fayil sun wadatar, da sharaɗin kada a cusa hotunan cikin jadawalin, a rubuta adireshinsu kawai. Idan za a yanko hoton kowane ɗigo daban, wanda na milimita ɗaya yakan kai ɗigon haske 4,000 a faɗi, to sunansa ya ƙunshi allo da yanka da rini da gurbi, a kuma ajiye lambobin wurin da aka yanko shi daga babban hoton don a iya komawa.

Kada a shigar da kaya duka rana ɗaya. A fara da gilashi guda, wanda aka yi wa rinin H&E, a bi shi har ƙarshe, sa'an nan a yi muƙabala ta biyu, wannan karo da mutum biyu: ɗaya ya zauna gaban kwamfuta, ɗaya ya riƙe taswirar asali ta takarda da gilashin a ƙarƙashin madubin likita. Na gaban kwamfuta ya zaɓi gurabu goma ba bisa tsari ba, har da kusurwoyi huɗu, ya kira lamba, ɗayan ya faɗi abin da ya gani da lambar dunƙulen da ke takardarsa. In guda ya saɓa a tsaya cik a nemo sababi, domin kuskuren gurbi ba ya zuwa shi kaɗai. In duk sun dace a shigar da sauran, a ƙirga: adadin layukan gurabu na kowane gilashi dole ya yi daidai da sahu sau gidaje, ba ƙari ba ragi.

Bayan haka sai a buɗe littafin aiki mai bango, a rubuta kwanan wata, da sunan allo, da adadin gilasai, da wanda aka samu a kife, da sigar QuPath da aka yi aiki da ita, mutum biyun su sa hannu. A yi kwafi uku na rumbun da hotunansa: ɗaya a kwamfutar aiki, ɗaya a faifan da ke kulle a ofis, na uku a naɗe shi cikin leda saboda ƙura da damina a kai shi wani gini dabam, in da hali a haye gada da shi a ba abokin aiki amintacce ajiya a tsallaken kogi, kuma duk wata uku a karɓo shi a sake lissafa hatiminsa a gwada da wanda ke cikin littafi.